Ƙara wa Injin Yankan Katako Ƙarfi: Daga Ina Ake Farawa?

Sharhin yau zai shiga daji ne wurin masu yankan katako, ya kuma leƙa rumfar makanikan da ke gyara musu injuna.

Katakon da manyan motoci ke saukewa a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko a kasuwar Katako ta Jos, ko a Dei-Dei da ke Abuja, kaso mai yawa daga cikinsa bai taɓa shiga masana'anta ba. A daji aka kayar da bishiyar, a nan inda ta faɗi aka tsaga ta da injin hannu mai sarƙa, aka fitar da falanki, 'yan dako suka ɗauko a ka zuwa bakin hanya. Mai riƙe da injin, wanda ake ce wa ofareta, galibi iya falankin da ya fitar iya kuɗin da zai karɓa. Shi ya sa ƙorafinsa a gaban makanike ba ya wuce guda: inji ba ya ja, a ƙara masa wuta. Makanike kuwa, gudun kada ciniki ya wuce shi, sai ya ɗauki sukundireba ya murɗa wani abu a jikin kafireta, injin ya ɗauki tsuwa, kowa ya gamsu. Bayan 'yan kwanaki a dawo da shi ya buga.

Ƙara wa wannan inji ƙarfi abu ne mai yiwuwa. A Amurka da Kanada da ƙasashen arewacin Turai akwai makanikan da sana'arsu ke nan: a kawo musu sabon inji fil a kwali, su kwance shi, su sassaƙa cikinsa, su mayar wa mai shi yana yanka fiye da yadda ya fito daga kamfani. Sai dai ko su ƙwararrun ba sa fara aiki daga sassaƙa. Aikin yana da tsari, kuma ƙarfin da ofareta ke nema sau da yawa yana nan a cikin injinsa tun asali, rashin kulawa ne ya danne shi.

Injin na da tarihin kusan shekara ɗari. A 1926 Bajamushe Andreas Stihl ya ƙera zarton sarƙa mai aiki da lantarki a birnin Stuttgart. Shekara guda bayan haka, a 1927, wani Bajamushen, Emil Lerp, ya fito da mai aiki da fetur, ya gwada shi a kan wani dutse mai suna Dolmar, kamfaninsa kuma ya ɗauki sunan dutsen. Waɗannan na farko sai mutum biyu ke iya sarrafa su saboda nauyi. A 1959 Stihl ya fitar da samfurin Contra, wanda mutum ɗaya ke ɗauka, a shekarar ce kuma kamfanin Husqvarna na Suwidin ya shiga harkar. Daga zuriyar Contra aka samu Stihl 070, injin da har yau shi ne sarki a dazuzzukan Najeriya da Kamaru da Gana, shi da ɗimbin kwaikwayonsa da ake shigowa da su daga Sin. Girman silindarsa cc 106, ƙarfinsa kuwa kilowat 4.8, wato ƙarfin doki shida da rabi.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a san yadda abin ke aiki. Injin nan ɗan gida ɗaya ne da ƙaramin janareton da ake gauraya wa fetur da mai, da tsofaffin baburan Yamaha da Suzuki masu hayaƙi. Ba shi da bawul, ba shi da tankin baƙin mai. Fistin ne da kansa yake buɗe wasu ƙofofi da aka huda a jikin silinda yana kuma rufe su: ƙofar da iska da fetur ke shiga, da hanyoyin da ke hawar da su daga ƙasan inji zuwa sama, da ƙofar da hayaƙi ke fita. Duk juyi ɗaya, fulogi ya ba da wuta sau ɗaya. Injunan zamani suna kai juyi 13,000 a minti, wato wuta tana kamawa fiye da sau 200 a cikin daƙiƙa guda. Aikinsa kamar na zugazugin maƙeri ne: iya iskar da ya shaƙa ya hura, iya zafin wutar da za a samu. Saboda haka duk wata dabarar ƙara ƙarfi, ko mene ne sunanta, ba ta wuce ɗayan uku: a sa injin ya shaƙi iska da fetur da yawa, ko a matse su da kyau kafin wuta ta kama, ko a fitar da hayaƙi da sauri.

Amma abin da ke cin itace ba inji ba ne, sarƙa ce. Nan ne wurin farawa, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Haƙorin sarƙar da ake amfani da ita yau ƙirar wani ma'aikacin daji ne a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Buford Cox. Ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin itace da muƙamuƙanta biyu masu lanƙwasa, ɗaya hagu ɗaya dama, sai ya kwaikwayi siffar a ƙarfe, ya fara sayarwa a 1947. Kowane haƙori ƙaramin kurfi ne mai fere itace, a gabansa kuma akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin da zai nutse. Tazarar da ke tsakanin kan haƙorin da kan tudun ita ce ma'aunin komai, kuma a yawancin sarƙoƙi ba ta wuce milimita 0.65. Duk lokacin da aka wasa haƙori da magagari, yana ƙara gajarta yana ƙara yin ƙasa, tudun kuwa yana nan yadda yake. Idan ba a rage shi ba, za a wayi gari haƙora na da kaifi amma ba sa kama itace. Ofareta ya yi ta dannawa da ƙarfin ƙirji, injin na kuka, abin da ke zuba ƙasa gari ne mai laushi maimakon ɓarzajjen itace. Daga nan sai ya ce inji ya mutu. Wasu kuma sukan wuce gona da iri, su goge tudun ƙasa sosai don sarƙa ta ci da yawa. Sai ta riƙa cafkar itace tana fizga, injin na shaƙewa, ga haɗarin ta yi tsalle ta dawo wa mai riƙe da ita.

Akwai kuma batun kusurwa, wanda ya shafi masu tsaga falanki kai tsaye. Sarƙar da ke zuwa daga kamfani an wasa ta ne a kan digiri 30 ko kusa da haka, don datse gungume a kwance. Tsaga shi a tsaye, bin tsawonsa, wani aiki ne daban, kuma sarƙar da aka tanada dominsa digiri 10 ake wasa ta. Tana fitar da falanki mai santsi, ba ta karkata, kuma ba ta wahalar da inji. Girman magagari ma yana da ƙa'ida: babbar sarƙar da 070 ke ja tana son mai kaurin milimita 5.5. Wanda ya gyara waɗannan abubuwa, kuɗin magagari kawai ya kashe, amma saurin da zai gani ya fi na yawancin gyare-gyaren da ake biyan dubbai a kansu.

Tsawon takobin da sarƙa ke zagayawa shi ma yana cin ƙarfi. Ƙarin tsawo na nufin ƙarin haƙora a cikin itace lokaci guda da ƙarin gogayya. Idan dole sai da dogon takobi, akwai sarƙa mai tsallake, wadda aka rage mata yawan haƙora don ɓarzajjen itace ya samu hanyar fita. Haka nan garmahon da ke jan sarƙa: mai haƙori 8 yana ƙara gudu amma yana rage ja, mai 7 ya fi jure itace mai tauri irin maɗaci ko ƙirya. Sannan man da ke jiƙa sarƙa. Ɗabi'ar zuba tsohon baƙin man da aka tsiyaye daga mota ta zama ruwan dare saboda araha, alhali yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da ke cinye famfon mai da bakin takobi, kuma ba ya manne wa sarƙa yadda ake so.

Bayan sarƙa sai numfashi. A lokacin hunturu, ƙurar iska da garin katako kan toshe matatar iska cikin yini guda. Inji mai toshasshiyar matata yana shan fetur fiye da iskar da yake samu, ya yi nauyi, ya yi hayaƙi. Wasu sukan cire matatar gaba ɗaya su jefar, injin ya farfaɗo nan take, amma yashin da zai shaƙa zai kankare fistin da ringi cikin ɗan lokaci. Wankewa ita ce magani. A ɓangaren salansa kuma, gawayin mai kan taru a bakin ƙofar hayaƙi har ya rage faɗinta, musamman in ana zuba mai fiye da kima ko ana gauraya fetur da baƙin man mota maimakon man da aka yi don irin wannan inji. Ma'aunin da manyan kamfanoni ke bayarwa ga mai nagari shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 ta fetur. Tsofaffin injuna da mai marar inganci ne ake ba kashi 1 cikin 25.

Idan an gama duk wannan, an tabbatar ringi bai cinye ba, kuma babu inda iska ke satar shiga ta robobin gefen karanshaf, to yanzu ne za a iya maganar ƙari.

Gyara na farko, kuma mafi araha, shi ne buɗe salansa. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, dokokin hayaƙi da na ƙara a Amurka da Turai suka tilasta wa kamfanoni matse salansar injunansu, suka kuma sa hulunan roba a kan sukurorin kafireta don kada a murɗa su fiye da iyaka. Matsattsiyar salansa tana riƙe hayaƙi da zafi a jikin silinda. Idan aka faɗaɗa mafitarta, ko aka ƙara mata ta biyu, hayaƙi zai fita da sauri, sabon fetur ya samu wurin zama, injin ya ƙara ja ya kuma rage zafi. Aikin na da sharuɗɗa. Sai an kwance salansar daga jikin inji kafin a huda, a wanke ɓarɓashin ƙarfe tas, don ƙwaya ɗaya in ta koma silinda ta isa ta yi ɓarna. A bar ragar da ke tare tartsatsi a bakin mafitar, domin a watan Janairu ko Fabrairu tartsatsi guda ya isa ya tayar da gobarar daji. Kada kuma mafitar ta fuskanci roba ko hannun mai aiki. Wannan gyara ya fi amfani ga injunan zamani. Tsohon 070 dama salansarsa a sake take, ba wani abin kirki da za a ƙara samu.

Sharaɗi mafi girma shi ne, duk wanda ya buɗe salansa dole ya sake saita kafireta. A nan ne injuna suka fi mutuwa, don haka a saurara da kyau.

A jikin kafireta akwai sukurori biyu masu alamar H da L, da na uku mai daidaita gudun inji in yana zaman jira. L na kula da fetur a ƙaramin gudu, H kuma a cikakken gudu. In aka murɗa H ciki, fetur ya ragu, iska ta rinjaya. Injin zai ɗauki wata siririyar tsuwa mai daɗin ji, juyinsa ya haura, wanda bai sani ba ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru. To amma a irin wannan inji, fetur ne ke ɗauke da man da ke shafe fistin, shi ne kuma ke sanyaya shi daga ciki. Rage fetur rage mai ne da ƙara zafi a lokaci guda. Fistin na alminiyom ne, zai kumbura, ya narke ta ɓangaren ƙofar hayaƙi, ya shafe a jikin silinda, ringi ya maƙale. Wanda ya cire salansa ya haska tocila zai ga zane-zane a tsaye a jikin fistin. Tun da buɗe salansa na ƙara yawan iskar da ke ratsa inji, barin H a inda yake daidai yake da murɗa shi ciki.

Saiti mai kyau ana gane shi da kunne. In an matse wuta gaba ɗaya ba tare da sarƙa na cikin itace ba, ya kamata a ji injin yana ɗan gurnani, muryarsa na kakkaryewa. Da zarar sarƙa ta nutse cikin gungume sai muryar ta washe ta miƙe. In tun a iska muryar a miƙe take siririya, fetur ya yi kaɗan, a sassauta H. Wanda ke da na'urar auna juyi ya fi kowa kwanciyar hankali: Husqvarna 372 XP, alal misali, iyakarsa juyi 13,500 a minti. Kuma saitin ba na dindindin ba ne. Iskar tsaunin Mambila, inda ake yankan zaiti a tsayin da ya haura mita 1,500, ta fi ta kwarin Binuwai sauƙi, don haka injin da aka saita a Gembu, a kan tsaunin, in aka sauko da shi ƙasa ba a ƙara masa fetur ba, yana cikin haɗarin bugawa. A can saman kuma, ko an yi saiti daidai, inji na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, wannan kuwa ba laifin makanike ba ne. Wasu sababbin injuna suna yi wa kansu saitin da ƙaramar kwamfuta, Stihl na kiran nasa M-Tronic, Husqvarna kuma AutoTune. A 2019 ma Stihl ya fitar da MS 500i, wanda babu kafireta a cikinsa sam, allurar fesa fetur gare shi, yana ba da kilowat 5 daga cc 79 a nauyin kilo 6.2. Ya fi 070 ƙarfi a takarda, ya kuma fi shi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Amma a dajin da babu kwamfutar gwaji, ofareta ya fi amincewa da abin da sukundireba ke iya gyarawa, kuma yana da hujja.

Mataki na gaba shi ne matsi. Idan fistin ya kai ƙololuwa, akwai 'yar tazara tsakanin gefen kansa da rufin silinda. Kamfanoni kan bar ta da ɗan faɗi. Masu gyara kan rage ta zuwa kusan rabin milimita, ta hanyar cire gasket ɗin da ke ƙarƙashin silinda su maye gurbinsa da siririn gam mai jure fetur, ko su kai silindar wurin mai injin feƙe ƙarfe ya aske gindinta. Ana auna tazarar da wayar dalma: a zura ta ta ramin fulogi, a juya inji da hannu fistin ya latse ta, a ciro a auna kaurinta. Wanda ya cire gasket bai auna ba yana iya sa fistin ya doki rufi. Matsi mai yawa yana ƙara ja na gaske, irin wanda mai tsaga falanki ke buƙata, sai dai yana son fetur mai kyau. Kamfanoni na neman mai lambar oktan 90 zuwa sama. Fetur ɗin galan na bakin hanya, wanda wani lokaci akan tsarma masa kananzir, yana fashewa kafin lokacinsa a cikin matsattsen inji, ya huda kan fistin. Wanda ya san daga 'yan bumburutu yake sayen mai a ƙauye, gara ya bar matsin yadda kamfani ya yi shi.

Sai babban aikin, sassaƙar ƙofofin silinda. Ana amfani da ƙaramin injin gurza a faɗaɗa ƙofar hayaƙi da ta shiga, a gyara kusurwar hanyoyin da ke hawar da fetur, wani lokaci a ɗaga rufin ƙofa ko a saukar da ƙasanta don sauya lokacin buɗewarta. Ƙwararre ba ya yin wannan da ido. Yana ɗaura faifai mai digiri 360 a kan karanshaf, ya rubuta daidai inda kowace ƙofa ke buɗewa, sannan ya yanke shawarar abin da zai taɓa. A yawancin injunan aiki, ƙofar hayaƙi na buɗewa ne wajen digiri 100 bayan fistin ya baro ƙololuwa. In aka ɗaga ta, injin zai ƙara gudu amma ya rasa ja, da an danna shi cikin itace sai ya lafa. In aka faɗaɗa ta ta haura kusan kashi 70 cikin ɗari na faɗin silinda, ringi zai leƙa ciki ya karye. In ba a dasashe bakin ƙofar bayan gurza ba, kaifinta zai yanki ringin. Cikin silinda kuma an shafe shi da wani siririn rufi mai tauri, wanda in ya ɓantare shi ke nan. Ƙarfen da aka gurje ba ya komawa. Aikin na biya in ya faɗa hannun wanda ya iya, amma makaniken da bai mallaki faifan digiri ba, bai kamata a miƙa masa silindar da ake cin abinci da ita ba.

Wasu kan zaɓi gajeriyar hanya, su sayi babbar silinda da fistinta su ɗora. Lissafin a fili yake. Husqvarna 372 XP na da fistin mai faɗin milimita 50, cc 70.7; in aka sa mai 52 ya koma cc 76.5. Stihl MS 660 daga milimita 54 zuwa 56, cc 91.6 ya zama 98.5. Ƙarin bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, kuma ba lallai ya zama ƙarin ƙarfi ba. Yawancin waɗannan kayan ba kamfanin asali ne ke yin su ba. Akan tarar da ƙofofi marasa daidaito, da rufin ciki mai saurin ɓarewa, da 'yan maƙallan fil ɗin fistin da kan kuɓuce su ragargaza komai. Sau da dama silindar asali da aka wanke aka sa mata sabon ringi ta fi babbar ta kasuwa ja. Inda ƙarin ke da yawa shi ne a gidan 070, domin shi da yayansa 090 gindinsu ɗaya ne: 070 na da fistin milimita 58, 090 kuma 66, cc 137. Ɗora silindar 090 ƙarin kusan kashi 30 cikin ɗari ne. Sai dai 090 na asali an yi masa kulocin da ya fi girma don ya ɗauki wannan ƙarfi, kuma shan mai da jijjiga da wahalar tayarwa duk suna ƙaruwa.

Akan kuma goge ɗan makullin da ke riƙe fulawil don wuta ta riga lokacinta da 'yan digirori. Ribar kaɗan ce, zafi na ƙaruwa, igiyar tayarwa kuma na fizgar hannu.

Wani abin da ya keɓanta da 070 shi ne gwamnansa, wani ɗan fiffike da iskar fanka ke turawa ya rage wa injin gudu in ya nemi wuce iyaka. An gina injin ne don ya yi aiki a wajen juyi 7,000 zuwa 8,000, da fistin mai nauyi da ja mai yawa. Masu cire gwamnan ko ɗaure shi da waya don su ji tsuwa suna tilasta wa boris da sandar fistin gudun da ba a ƙera su dominsa ba. Tsaga falanki kuwa shi ne aiki mafi tsanani da ake sa irin wannan inji: wuta a matse gaba ɗaya, minti bayan minti, ba hutu, cikin zafin rana. Injin da za a yi wannan aiki da shi ya fi son a ɗan ƙara masa fetur fiye da na mai datse itacen girki, a kuma bar shi ya yi zaman jira na ɗan lokaci bayan kowane dogon yanka kafin a kashe shi, fanka ta kwashe zafin.

Masu kallon bidiyo a waya sukan ga wasu injuna na datse gungume cikin ƙiftawar ido, su yi sha'awa. Waɗannan na gasar Stihl Timbersports ne, wadda aka fara a Amurka a 1985. A rukunin da ya fi kowanne zafi, ɗan gasa kan yanko faifai uku daga gungume mai kaurin santimita 46 a ƙasa da daƙiƙa 7. Injin da ke hannunsa an ciro shi ne daga babur ko keken kankara, ƙarfinsa ya haura doki 60, nauyinsa na kusantar kilo 30, sarƙarsa na gudun kusan kilomita 240 a awa. An gina shi don aikin daƙiƙoƙi, sannan a kwance a duba. Ba shi da alaƙa da injin da ake so ya yi shekaru yana ciyar da iyali.

Ƙarin ƙarfi kuma yana da kuɗin da jiki ke biya. Ƙarar wannan inji tun daga kamfani ta haura desibel 100, alhali ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suka sa na yinin aiki shi ne 85. Buɗaɗɗiyar salansa na ƙara ta, ofaretoci kuwa ba kasafai ake ganinsu da abin toshe kunne ba. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan saman hancin takobi ya taɓa itace, injin kan yi tsalle ya nufo fuska cikin ƙasa da daƙiƙa. Injunan zamani na da birkin sarƙa don wannan, amma yawancin 070 da kwaikwayonsa ba su da shi. Mutumin da ke tsaye a kan gungume da silifa, yana tsaga falanki da tsinin takobi a tsakanin ƙafafunsa, ƙara masa ƙarfin inji ba tare da takalmi mai tauri da wandon kariya ba ƙara masa haɗari ne. Masu injuna da ke ɗaukar ofaretoci aiki su ne ke da alhakin sayen waɗannan kaya.

Daji ma yana da nasa haƙƙin a wannan magana. Gana ta haramta tsaga katako da injin sarƙa don sayarwa tun 1998, duk da haka irin wannan katako ne ya ci gaba da cika kasuwanninta na cikin gida. A Taraba, mutane sun ga yadda aka yi wa madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, kisan kiyashi cikin 'yan shekaru don kai wa Sin, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Sarƙar inji na cinye itace mai yawa a kowane yanka fiye da siririn zarton masana'anta, saboda haka kaso babba na kowane gungume gari yake zama. Sarƙa mai kaifi da aka wasa daidai, da ƙarfen jagora da ake ɗaura wa takobi don yanka ya miƙe, suna fitar da falanki mafi yawa daga bishiya ɗaya. Wannan riba ce da ta fi ta gudu, ga ofareta da mai inji da dajin baki ɗaya.

Don haka, 'yan'uwa ofaretoci da makanikai, kafin a kai silinda wurin gurza, a wasa sarƙa a gyara tudunta, a wanke matata, a auna mai da ma'auni ba da ido ba, a saita H har a ji gurnanin nan. In an buɗe salansa, a ƙara fetur a ranar, kada a bari sai gobe. A bar gwamnan 070 a inda yake. Masu injuna kuma su sayi abin toshe kunne da takalmi ga yaransu, su nemi izinin hukumar gandun daji kafin a kayar da bishiya.